Yaranmu mata na firamare da kwamfuta: wa ke dannawa, wa ke kallo?

Malama Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan guruf, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu barkanmu da dare. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, don Allah ina so kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a cikin gari, Alhamdulillah muna cikin waɗanda suka samu 'yan kwamfutoci, ba yawa gare su ba amma dai akwai, ranar da aka kawo wuta ko aka samu kuɗin mai sai mu shiga da yara aji aji. Toh abin da ke damuna da an buɗe ƙofa maza sun ruga sun kama kujeru sun kama maus, matan sai su jeru a baya suna leƙe ta kafaɗa har a kaɗa ƙararrawa yarinya ba ta taɓa komai ba. Kuma fa waɗannan yaran su ke zuwa na ɗaya da na biyu a lissafi da turanci. In kin ce ke zo ki zauna sai ta ce Malama tsoro nake kar in ɓata, namiji kuwa ko bai san komai ba dannawa yake ya ɓata ya gyara har hannunsa ya faɗa. Da na riƙa tambayarsu sai na ga daga gida abin ya faro, in uba ya dawo ya aje waya ɗan namiji ke ɗauka, ita kuwa tana wanke-wanke ko tana goyon ƙani, in ma ta miƙa hannu a ce aje kar ki fasa. Shi ne nake tambayarmu iyaye, da gangan muke yin haka ko ba mu lura ba ne?

Baban Walid:
Wa alaikumussalam Malama. Ni dai gsky zan faɗa miki ina cikin iyayen da kike magana kuma da gangan nake yi. In na dawo daga kasuwa Walid na iya ɗaukan wayana ya taɓa amma ƙannensa mata ban yarda ba. Ba wai bana son su yi karatu ba ne, ni nake biyan kuɗin makarantan su har da na lesin, amma kina ganin abin da ake a TikTok, yara ƙanana da hijabi suna rawa duniya na kallo iyayensu ba su ma sani ba sai an turo musu. Mace in sunanta ya ɓaci sau ɗaya a garin nan shikenan har ranan maganan aurenta sai an tono. In sun girma sun yi hankali sa koya.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya Baban Walid tsoronka gaskiya ne wlh nima ina da shi. Amma shi Walid ɗin wa ya ba ka tabbacin ba ya ganin abin da bai kamata ba? Yara maza nawa cacar waya ta cinye a Sabon Gari da Tudun Wada, suna sace kuɗin iyayensu suna zubawa. In waya guba ce ai ba ta zaɓen mace ko namiji.

Baban Walid:
Haka ne Hajiya, amma tabon namiji da na mace ba ɗaya ba ne a wajen mutane, ke ma kin sani.

Ɗalibar Kongo:
Slm iyayena. Kawu Baban Walid da girmamawa nake magana, wannan "in sun girma sa koya" ɗin ni a kaina aka yi shi kuma na san zafinsa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, babu sauran takarda da fensir. Ni sai da na kai aji shida na sakandare na fara zama gaban kwamfuta, a wani kafe ana biyan kuɗi a koya maka na 'yan kwanaki, ranar jarabawa karatun na cikin kaina amma hannuna rawa yake, lokacin da yaron da ke kusa da ni ya wuce tambayoyi da yawa ni ina fama da yadda zan koma baya in gyara amsa. Allah ya taimake ni na haye, amma ƙawayena da suka fi ni ƙoƙari akwai waɗanda a nan suka tsaya. WAEC ma ta fara yi wa masu zaman kansu jarabawa ta kwamfuta a 2024, kuma gwamnatin tarayya ta ce WAEC da NECO duk can za su koma, kenan yarinyar da ke aji huɗu yau ba ta da hanyar kauce masa.

Sannan Kawu abin da nake so ka duba da kyau, rashin iyawar shi ke kai yarinya hannun mazan da kake gudu. Rijistar jami'a, biyan kuɗi, duba sakamako, neman ɗaki a hostel duk ta intanet ne. Wadda ba ta iya ba dole ta je kafe ta miƙa wa saurayin da ba ta sani ba lambar wayarta da hotonta da NIN ɗinta da lambar sirrinta ya yi mata, da daddare ya fara kiranta. Wadda ta iya kuwa a ɗakin mahaifiyarta za ta zauna ta gama komai ba wanda ya ga ko fuskarta.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan ta kafe ɗin kam mun gani da idonmu.

Tsohon Hedimasta na Kwarbai:
Salamu alaikum. Na karanta duka, Malama Allah ya saka da alheri da kika lura da abin da yawancinmu muka yi shekaru muna gani ba mu tanka ba. Sai dai bari in ja hankalinku kaɗan a matsayina na wanda ya tsufa a aji. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta a ƙasar Zazzau ita ce 'yar gata, mafi yawa darasin kwamfuta a allo ake yinsa, malami ya zana akwati da alli ya ce wannan shi ne monita, yara su haddace su rubuta a jarabawa su ci, mace da namiji duk ba wanda ya taɓa. In kun fita wajen Shika ko Dakace ko ƙauyukan Giwa za ku ga ajin da ko benci babu balle soket.

Na biyu, kada mu ɗauka inji shi ke koyarwa. A 2007 an kai wa yaran wata firamare a Galadima ta Abuja 'yan ƙananan kwamfutoci masu kore da fari, kowane yaro da tasa, duniya ta yi ta yayatawa, amma abin bai yaɗu zuwa sauran makarantunmu ba. Jihar Edo kuwa da suka tashi nasu a 2018 hannun malamai suka fara sa kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana. Ni a ganina nan ne daidai, a fara da malami, musamman malama mace, domin yarinya in ta ga malamarta na tsoron maus ita ma ta gama yanke hukunci cewa ba na mata ba ne. Kuma muna da dama, matasan da aka ɗauka koyarwa bayan jarabawar da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017 da yawansu da babbar waya a hannu suka shigo.

Na uku kuma shi ya fi damuna. Akwai yara a aji huɗu da biyar da ba sa iya karanta jimla ɗaya ta Hausa. Wadda ba ta iya karatu ba in kin zaunar da ita gaban kwamfuta hotuna kawai za ta kalla.

Malama Maman Ihsan:
Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma a kan na ukun ina da ɗan ja da izininka. Ni na ga yarinyar da ta ƙi karatu a allo, amma da na sa ta rubuta sunanta da na mahaifiyarta a kibod tana neman harafi ɗaya ɗaya, ta ga ya fito ɓaro-ɓaro a gilashi, tun daga nan take bina tana tambayar yaya ake rubuta kaza. Ba sai an gama ɗaya za a fara ɗaya ba Baba, suna iya tafiya tare. Kuma sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 ta sa ilimin na'ura a matsayin darasi mai zaman kansa daga aji huɗu zuwa shida, toh in ba mu tashi ba a allon za a ci gaba da zana shi.

Tsohon Hedimasta na Kwarbai:
Na karɓa 'yata, in dai malama na tsaye a kanta.

Gwaggon Tudun Jukun:
Ni jikata ke rubuta min wannan ina faɗa mata. Ku kuna maganan kwamfuta da babban waya, mu unguwanmu yawancin mata ƙaramin waya mai tocila gare su, shi ma sai an kai caji shago an biya. Yarinya ta dawo boko ta ɗauki tallan awara ko dafaffen gyaɗa, da ribar za a sayi omo da sabulu a tara na kayan ɗaki. Uwar ba mugunta take ba, babu ne. Ku faɗa min a ina wannan yarinyar za ta ga intanet.

Ummu Abdallah:
Gwaggo kin taɓo inda ke ciwo. Ni ina koyarwa a islamiyya kuma ina so mu lissafa ranar yarinya 'yar aji biyar tsakani da Allah. Asuba ta tashi ta yi shara ta ɗebo ruwa, ta tafi boko, ta dawo azahar ta yi wanke-wanke ko talla, la'asar tana islamiyya har kusan magariba, ta dawo ta taya girki, bayan isha'i barci ya kwashe ta a kan tabarma. Ɗan'uwanta boko da islamiyya kawai suka haɗa su, sauran lokacin nasa ne, yana wajen mai cajin waya ko gidan kallon ƙwallo yana ganin yadda ake taɓa abubuwa. Ko lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu aka riƙa sa darasi a rediyo da talabijin, a gidaje da yawa lokacin darasin shi ne lokacin da ake aiken yarinya. Kenan ko an ba ta na'ura kyauta in ba a ba ta lokaci ba aikin banza ne.

Ta fuskar addini kuma kada wani ya jingina hanin ga Musulunci. Hadisin neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi bai ware mace ba. Kuma a ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, ta horar da jajis manyan mata suna zuwa ƙauyuka suna kai wa mata karatu har inda suke, saboda ta san ba kowace mace ke iya zuwa inda malami yake ba. Ɗalibaina masu hadda da yawa da ƙira'ar Husari a memori suke gyara tilawarsu, a irin ƙaramar wayar da Gwaggo ke faɗa, ba data ba komai. Iyaye ba sa hana wannan saboda sun san abin da ke ciki. Ina ga matsalar iyaye ba na'urar ba ce, rashin sanin abin da ke cikinta ne.

Ɗan Samaru mai gyaran waya:
Anti Ummu Abdallah kin gama magana, daga nan zan ɗora. Kawu Baban Walid abin da kake tsoro intanet ne, kuma yarinyar firamare ba ta buƙatar intanet don ta koyi kwamfuta wlh. Tsohuwar Android da aka jefa a durowa, a cire layi a goge TikTok da Facebook da duk tarkacen, a zuba mata abin karatu, ta zama allo kawai. Akwai ScratchJr na yara 'yan shekara 5 zuwa 7, akwai Scratch na 'yan 8 zuwa 16 wanda jami'ar MIT ta Amurka ta yi kyauta, yaro na jera tubala masu launi yana sa mage ta yi tafiya ta yi magana yana haɗa labari da kansa, a nan ake fara koyon rubuta manhaja kuma duk suna aiki ba data. Ga makaranta kuma akwai Kolibri, a sa shi a laftof ɗaya sauran wayoyi su jona ta wayfai na cikin ɗaki ba tare da intanet ba, bidiyo da darussa duk suna ciki. Sai Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, darussan manhajarmu ne na firamare da sakandare har da na Hausa, kuma a layin Airtel an yi yarjejeniya ana shiga ba ya cin data. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025, kowa ya ji a jikinsa.

In kuma wayarka ce za ka ba ta, akwai Family Link na Google, daga wayarka kake ganin abin da ta buɗe, ba ta isa ta sauke komai ba sai ka yarda, in lokacin da ka sa ya cika wayar ta kulle kanta.

Baban Walid:
Toh ɗana wannan na cire layi ɗin ya shige ni. Amma yaran yanzu fa sun fi mu wayo, Walid ya san yadda ake jona wayfai na maƙwabta, in ta koya a wajensa fa?

Ɗan Samaru mai gyaran waya:
Shi ya sa ba a ɗaki ita kaɗai ba Kawu, a tsakar gida gaban mamanta, in an gama a karɓa a aje. Kuma shi ma Walid ɗin dokar ta hau kansa, in ta ga an sa mata ido an bar shi sakaka za ta gane ba karatun ake tsarewa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tambayata ido da ƙwaƙwalwa. Nawa 'yan biyun shekararsu huɗu, in na karɓe waya kuka har da birgima.

Ɗalibar Kongo:
Anti hukumar lafiya ta duniya WHO ta fitar da shawara a 2019, jariri kada a ba shi kallon gilashi sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Naki ba su kai maganar da muke ba tukuna, wasa da hira da ke sun fi musu amfani. Kuma akwai bambanci tsakanin yarinyar da aka miƙa wa katun don ta yi shiru da wadda ke taifin ko haɗa abu da hannunta.

Tsohon Hedimasta na Kwarbai:
Gwaggo har yanzu ba a ba ki amsa ba, kuma tambayarki ta fi kowace nauyi. 'Yar talla a gida ba za ta samu ba, wannan mu daina yaudarar kanmu, in ba ta taɓa a makaranta ba shikenan. Shi ya sa abin da Malama ta faɗa na maza su kama kujeru ba ƙaramin zalunci ba ne, domin wannan rabin awar ita ce kaɗai rabon yarinyar a sati. Akwai shirin AGILE na Bankin Duniya da aka fara a 2020, Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko, kuma koya wa 'yan mata na'ura na cikin aikinsa, amma na sakandare ne. Yarinyar da Gwaggo ke magana wataƙila ba za ta kai sakandaren ba, wadda ta kai kuma ta riga ta sa wa ranta cewa wannan fagen maza ne. A nan Zariya muna da Centre for Girls' Education da suka daɗe suna tara 'yan mata a ƙauyuka su kaɗai da babbar mace mai jagorantarsu, iyaye sun yarda da tsarin saboda sun san wadda ke tare da 'ya'yansu. Irin wannan nake so a kwaikwaya a ɗakin kwamfuta.

Malama Maman Ihsan:
Baba abin da na fara gwadawa kenan. Da farko haɗa su na yi mace da namiji a kwamfuta ɗaya, sai na ga namijin ke riƙe maus ita tana karanta masa abin da ke allo, ta zama sakatariyarsa. Yanzu mata da mata nake haɗawa, kuma matan ke fara shiga su zauna kafin a buɗe wa maza, in lokaci ya yi rabi mai riƙe da maus ta miƙa wa 'yar'uwarta. Kuma na daina cewa kar ku ɓata, ce musu nake ku danna ba abin da zai fashe, in ya tsaya mu kashe mu kunna. Wlh Baba in ka ga yadda suke rige-rigen taifin yanzu sai ka yi mamaki, har akwai wadda maza ke kira ta zo ta nuna musu inda fayil ɗinsu ya shige.

Baban Walid:
Amma Malama wannan ba a danne mazan ba kuwa? Su ma fa 'ya'yanmu ne kuma su za su riƙe gida gobe.

Malama Maman Ihsan:
Lokacinsu ɗaya Yaya, ba a rage wa kowa minti ba. Tsere da ture-ture kawai na cire, don in da ƙarfi za a samu kujera mace ba za ta taɓa samu ba, hijabinta ma kaɗai ya isa ya hana ta kokawa a bakin ƙofa.

Gwaggon Tudun Jukun:
Toh in a makaranta ne kuma mace ke koya musu ni ba ni da ja, zan ma faɗa ma uwayen unguwa ranan kwamfuta a ɗaga tallan zuwa yamma. Amma kuɗin man janareto fa wa zai biya? Kar a dawo a ce kowace yarinya ta kawo ɗari biyu, ranan ba za ku gan su ba.

Tsohon Hedimasta na Kwarbai:
Kada a karɓi ko sisi a hannun yaro, dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 ma cewa ta yi karatun firamare kyauta ne kuma dole. Wannan aikin kwamitin al'umma mai kula da makaranta ne, wato SBMC, da tsofaffin ɗalibai da masu hali na unguwa. Kuma kafin a sayi komai a fara duba rufi da ƙofa da taga, na ga ɗakin da damina ɗaya ta gama da shi, na ga wanda ɓarayi suka kwashe a hutun ƙarshen shekara.

Ɗan Samaru mai gyaran waya:
Gwaggo a bar janareto ma. Manyan kwamfutocin tebur su ke shan wuta, laftof da waya kuwa faifan sola ɗaya da batir mai kyau ya ishe su caji, a caja da rana a yi darasi washegari. Ni dai abin da zan iya, duk mai tsohuwar Android a gida ko da gilashin ya tsage ya kawo, zan goge ta in zuba ScratchJr da darussan ba zan karɓi kuɗin aiki ba, sai dai in batir ya kumbura mai ita ya sayi sabo. Anti Malama ki tambayi hedimastanku ko zai yarda a aje su a ofishinsa a riƙa fitowa da su ranar darasi.

Ɗalibar Kongo:
Ni ma zan yi wa ƙawayena magana, ranar Asabar da yawanmu ba mu da lakca, in an samu izinin makaranta da na iyaye za mu iya zuwa mu zauna da 'yan aji biyar da shida.

Ummu Abdallah:
Asabar da safe akwai hadda a yawancin islamiyyu 'yata, kar ku haɗa su karo iyaye za su zaɓi hadda kuma da gaskiyarsu. Ku duba Alhamis ko Juma'a da yamma tunda ranakun hutun islamiyya ne.

Baban Walid:
Ɗan Samaru akwai wani tsohon Tecno a shago zan aiko Walid da shi gobe in Allah ya kai mu, na gida ne ba na makaranta ba tukuna, in ga yadda abin yake da idona. Amma ka cire komai fa har da burauza, maganan intanet kuma ni dai har yanzu sai sun shiga sakandare.

Ɗan Samaru mai gyaran waya:
Ba damuwa Kawu. A haɗo da cajarta, kuma ka tambayi Hajiya ko akwai lambar sirri a kai ta faɗa wa Walid kafin ya taho.